Hezalnot ko kokwamba: wanne ya fi dacewa da ƙaramin lambu?

Sabon Mai Lambu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sha'awar lambu. Akwai wani fili a bayan gidana mai tsawon kusan mita 10 da faɗin mita 6, rana tana samunsa yawancin yini, kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinsa. Zuciyata ta rabu biyu tsakanin dasa bishiyar hezalnot (itace mai 'ya'ya masu ɓawo mai tauri da ake fasawa a ci ƙwayar ciki) da shuka kokwamba, domin iyalina suna son duka biyun. Ina roƙon waɗanda suka san su su bayyana mini wanne ya fi wuyar kulawa, wanne ya fi saurin ba da amfani, sannan ko fili kamar wannan zai ɗauki duka biyun ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba.

Dattijon Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo ga girman fili, akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma ita ce za ta yanke hukunci: yaya hunturun wurinku yake? Hezalnot itace ne na ƙasashe masu sanyi, kuma ba ya fitar da ganye da fure yadda ya kamata sai ya yi ɗaruruwan sa'o'i cikin sanyin da bai wuce digiri 7 a ma'aunin Salshiyos ba. Yawancin nau'o'insa suna buƙatar kusan sa'o'i 800 ko fiye. Wannan ne ya sa noman ya taru a wurare ƙalilan. Turkiyya ita kaɗai take samar da fiye da rabin abin da duniya take ci, musamman daga lardunan Ordu da Giresun da ke gaɓar Bahar Aswad, sai Italiya da Azarbaijan da jihar Oregon ta Amurka. Idan wurinku ba ya samun irin wannan sanyi, ko ka cika gindinsa da taki ka shayar da shi safe da yamma, wahalar banza za ka yi.

Idan kuwa sanyin yana nan, to ka sani cewa bishiya ɗaya ba ta isa ba. Hezalnot yana fitar da furen namiji da na mace a jikin itace ɗaya, amma ƙurar furensa ba ta yi wa kansa barbara, don haka dole a dasa nau'i biyu mabambanta waɗanda suka dace da juna kuma suke fure a lokaci guda. Iska ce take ɗaukar ƙurar tun cikin hunturu, lokacin da itacen bai da ko ganye ɗaya. Furen namiji dogaye ne masu ruwan ɗorawa da suke reto a rassa, na mace kuwa sai an matsa kusa sannan a ga wasu jajayen zare ƙanana suna leƙowa daga kan toho. Ana barin tazarar mita 4 zuwa 5 tsakanin bishiyoyin, kuma 'ya'yan farko ba sa zuwa sai bayan shekara 3 zuwa 4, amfani mai kauri kuwa sai an doshi shekara 7. Bayan haka itacen yana iya shafe shekaru 40 ko fiye yana bayarwa.

Uwar Lambu ta amsa:

Baba Dattijo ya yi bayanin itacen, ni kuma zan tsaya kan kokwamba, domin ina ganin mutane suna raina wahalarta saboda saurinta. Gaskiya ne cewa tsakanin shuka da tsinkar farko kwana 50 zuwa 70 ne kawai, kuma idan aka yi mata tanka ta hau sama, tazarar santimita 30 zuwa 45 ta wadatar tsakanin gindi da gindi. Amma asalinta daga yankin Indiya ne, ɗumi take so, irinta ba ya tsirowa da kyau idan ƙasa ba ta kai digiri 15 ba, kuma dare ɗaya na sanyi mai daskarar da ruwa ya isa ya kashe ta.

Babbar buƙatarta ita ce ruwa a kai a kai. Kusan kashi 95 cikin 100 na ɗan kokwamba ruwa ne, saiwarta kuma ba ta nisa cikin ƙasa, saboda haka idan aka bar ta ta yi yaushi yau aka kwarara mata ruwa jibi, 'ya'yan sukan fito a lanƙwashe, wani lokaci da ɗaci ta wajen kara. A zuba ruwan a gindi, kada a jiƙa ganye, domin ganye mai laima shi ne yake jawo fumfuna, har a wayi gari a ga rawayen tabo sun bazu a kansa. Akwai kuma ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, waɗanda suke yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya tanƙware, kuma wannan cuta ba ta da magani sai tuge shukar. Furen mace ana gane shi da ɗan ƙaramin kokwamba a ƙasansa, kuma a yawancin nau'o'i sai ƙudan zuma sun kawo masa ƙura daga furen namiji, don haka fesa maganin ƙwari da safe lokacin da fure yake buɗe kuskure ne babba. Sannan tsinka ba ta jira: idan aka bar ɗa ɗaya ya tsufa ya yi rawaya, shukar takan rage fitar da sababbi.

A taƙaice, kokwamba kamar jariri take, ba a tafiya a bar ta. Mai yawan tafiye-tafiye ya fi dacewa da itace.

Sabon Mai Lambu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Hajiya. Hunturunmu yana da tsanani, ruwa yana daskarewa da dare na tsawon watanni, bazara kuma tana da ɗumi sosai. Idan na fahimce ku, yanayin ya yarda da duka biyun. Abin da ya rage mini shi ne ko zan iya haɗa su a wuri ɗaya.

Mai Renon Dashe ya amsa:

Za ka iya, Malam, amma na ɗan lokaci. A shekaru 3 na farko bishiyoyin ƙanana ne, inuwarsu ba ta kai ko'ina ba, saboda haka filin da ke tsakaninsu ya dace da kokwamba. Ka dasa bishiyoyin a gefen da inuwarsu za ta faɗa waje, wato gefen arewa idan kana arewacin duniya, ka kuma bar aƙalla mita ɗaya daga gindinsu ba tare da ka yi haƙa ba, domin saiwar hezalnot a kusa da saman ƙasa take yaɗuwa. Da zarar rassan sun buɗe, kokwamba za ta rasa hasken sa'o'i 6 zuwa 8 da take buƙata, dole ta koma ɗaya gefen. Ko ba don inuwa ba, bai kamata a maimaita ta a gurbi ɗaya kowace shekara ba, haka ma danginta kamar kankana da kabewa, saboda cututtukan da suke kwana a ƙasa.

Inda zan ɗan saɓa wa Hajiya shi ne batun cewa itacen na mai tafiye-tafiye ne. Hezalnot yana fitar da toho barkatai daga gindi, kuma wanda bai sare su duk shekara ba zai iske kurmi ya cinye masa rabin fili. Ƙananan dashe suna buƙatar ban ruwa a bazarar farko da ta biyu. Sannan akwai kurege, wanda yakan kwashe 'ya'yan tun suna ɗanye, da wani ƙwaro mai dogon baki da yake saka ƙwai a ciki, sai an zo fasawa a tarar da ƙaramin rami a ɓawo, ciki kuma fanko. A Amurka akwai wata cutar rassa da take kashe nau'in Turai, shi ya sa masu dasawa a can suke neman nau'o'in da suke jure mata.

Abin da itacen ya fi kokwamba da shi ƙwarai shi ne ajiya. Kokwamba ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu bayan tsinka, sanyin firji mai yawa kuma yana ɓata ta. Hezalnot kuwa, idan aka tsince shi bayan ya faɗo a kaka, aka shanya shi cikin ɓawonsa a wuri mai iska na makonni 2 zuwa 3, yakan kai watanni da dama. Lokacin sayen dashe ka tabbata mai sayarwa ya rubuta maka sunan kowane nau'i, kuma ka ɗauki wanda aka samo daga reshe ko toho, domin wanda ya tsiro daga ƙwaya ba lallai ya gaji ingancin uwarsa ba.