Shin gasar kamfanonin inshorar lafiya tana rage wa baitulmali nauyi?

Mai Neman Sani:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ana cewa idan kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu suka yi yawa suna gasa, farashi zai sauka, gwamnati ta samu sauƙi. Ta wace hanya sauƙin yake isa baitulmali, tunda ba gwamnati ce ke sayen inshorar ba?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Tana saye mana, ta bayan fage: ko ta tallafi, ko ta harajin da ta yafe. Abin dubawa shi ne yadda aka ɗaura tallafin.

A Amurka, ƙarƙashin dokar inshorar lafiya ta 2010, ana ɗaukar tsari na biyu mafi arha a rukunin "azurfa" (wato rukunin inshora mai matsakaicin daraja) na kowane yanki a matsayin ma'auni. Mutum ya biya wani kaso na abin da yake samu, gwamnati ta cike gibin. To idan sabon kamfani ya shigo ya karya farashin ma'aunin da dala 40 a wata, kusan duk dala 40 ɗin baitulmali ce ta tsira da su, ba mai inshorar ba. In kamfanoni suka janye aka bar ɗaya tilo, kamar yadda ya faru a yankuna da dama a 2017 da 2018, baitulmalin ce kuma ke shan ƙarin farashin.

Ostireliya kuwa a 1999 ta ɗauki nauyin biyan kashi 30 cikin 100 na kuɗin inshora. Irin wannan yana dushe gasa, don duk ƙarin da kamfani ya yi, gwamnati na ɗauke wa mai saye wani ɓangare. A 2012 aka fara duba samun mutum kafin a ba shi tallafin.

Uwar Alƙaluma:
Malam ya yi bayani, amma akwai inda gizo ke saƙa. Kamfani na iya yin gasa ba tare da ya rage tsadar magani ko da ƙwandala ba: sai ya tsince matasa masu ƙoshin lafiya, ya bar tsofaffi da masu ciwon suga ga asibitin gwamnati. Farashi ya yi kyau a takarda, kasafin lafiya ya kumbura.

Holan ta toshe wannan ƙofa a 2006. Dole kamfani ya karɓi kowa, farashi ɗaya a tsari ɗaya, sannan wani asusu na tsakiya ya ƙara wa kamfanin da ya kwashi marasa lafiya, bisa shekaru, jinsi da magungunan da suke sha.

Mai Lissafi:
Haka ne Hajiya. A ƙara da harajin da ba a gani: a Amurka inshorar da wurin aiki ya biya wa ma'aikaci ba a cire mata harajin albashi, an rubuta hakan a dokar haraji tun 1954. Duk lokacin da farashinta ya hau, kuɗin shigar gwamnati ke raguwa, kuma masu babban albashi ne suka fi cin moriyar yafiyar.