Ƙaiƙayin da ke tashi nesa da wurin susa: yana da alaƙa da layukan allurar Sinawa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu fatata ta bushe, kuma na lura duk lokacin da na sosa wani ɗan ƙurji a cinyata ta dama, sai in ji tsikari kamar na tsinke a ƙasan allon kafaɗata ta dama, kullum a wuri ɗaya. Wani abokina ya ce wannan shaida ce ta layukan da masu jinyar tsira allura na ƙasar Sin suke cewa ƙarfin jiki yana bi. Shin maganarsa tana da tushe?

Malamar Kimiyya, Kawo:
Wa alaikumus salam. Abin da kake ji sananne ne. Baturen Ingila Stephen Hales ya bayyana shi tun 1733, sannan a 1844 Bajamushe Johannes Müller ya raɗa masa suna Mitempfindung, wato ji na tarayya. Yawanci tsikarin yana fitowa ne a gefen jikin da aka sosa, dama ko hagu, kuma sama da wurin susar. Ka gwada sosa kafaɗar, da wuya ka ji komai a cinya, domin abin ba ya komowa ta inda ya bi. Masana sun fi karkata ga cewa saƙonnin jijiyoyi ne ke cuɗanya a laka ko a ƙwaƙwalwa, kamar yadda ciwon zuciya kan sauko hannun hagu.

Jikan Wanzami, Rigasa:
Malama, Allah ya ƙara sani, amma ni ban raina maganar abokin nan ba. Na tashi ina ganin kakana yana kafa ƙaho a ƙeya saboda ciwon kai, bai san sunan jijiya ko ɗaya ba. Ba mamaki Sinawan da suka zana manyan layuka 12 tun kimanin shekara 2000 da suka wuce, irin wannan tsikarin suka riƙa bibiya a jikinsu.

Malamar Kimiyya, Kawo:
Hasashenka ba laifi, Malam, sai dai hasashe ne. Wuraren tsira allura da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita a 2008 sun kai 361, saboda haka kusan duk inda ka ɗora yatsa a jiki kana kusa da wani layi, kuma likitocin fiɗa ba su taɓa ganin layukan ba. Mai tambaya, ka sa a yi maka alama da biro a wuraren biyu, ka sake gwadawa bayan mako guda, ka faɗa mana ko sun matsa.