Bushewar ido: wane magani ake haɗawa da wane?

Maman Biyu: Salamu alaikum. Wata uku ke nan idona kamar an watsa masa yashi. Ina ɗiga maganin jiƙa ido har sau shida a rana, da an jima ya koma gidan jiya. Akwai wanda ke sa hawayen ya fito da kansa?

Mai Harhaɗa Magani: Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda kike ɗigawa jiƙa ido kawai yake yi. Idan kumburi ne ya hana hawayen fitowa, likitoci kan rubuta maganin ɗigawa mai suna saikulosforin, irin su Restasis, safe da yamma. Sai dai yana da nawa, yakan kai wata uku zuwa shida kafin a ji daɗinsa, ga raɗaɗi da farko. Shi ya sa ake haɗa shi da sitiroyid na ɗigawa, wato maganin kwantar da kumburi, na 'yan makonni, ya kwantar da idon kafin wancan ya kankama.

Mai Ɗinki: Haɗin nan aka yi min. Saura kaɗan in jefar da shi a sati na biyu, yanzu kuwa ina zura zare a allura lafiya lau. Ki bar tazarar minti 15 tsakanin saikulosforin da na jiƙa idon.

Dattijo: Ni dai sitiroyid ɗin nan nake ja muku kunne a kai. Daɗinsa na ji na ci gaba da ɗigawa ba da sanin likita ba, sai ga hawan jinin ido. Yana kawo yanar ido ma.

Maman Biyu: Subhanallah! Allah ya ƙara sauƙi Baba. Ni har bakina bushewa yake.

Mai Harhaɗa Magani: To wannan ki faɗa wa likita, a duba ko ciwon Sjögren ne, wanda ke busar da ido da baki. Masu shi akan ƙara musu ƙwayar filokafin, tana tsatso yawu da hawaye, amma akwai gumi, kuma mai asma sai da taka-tsantsan. Akwai na fesawa a hanci ma, Tyrvaya, da Amurka ta amince da shi a 2021. Jijiyar cikin hanci yake taɓawa hawaye ya zubo, sai dai yana sa atishawa.

Mai Ɗinki: Tunda kin wuce sau huɗu a rana, ki nemi maganin jiƙa idon da ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba. Kina shan maganin mura ko na ƙaiƙayi?

Maman Biyu: Kusan kullum da dare, Yaya.

Mai Harhaɗa Magani: Shi ma yana busar da ido. Ki tafi da kwalinsa asibiti.