Pre-sessional English, me za mu kira shi da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, akwai wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan mu tattauna. 'Yar yayata ce ta samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila amma da sharaɗi, sun ce sai ta fara yin abin da suke kira pre-sessional English na sati 10 kafin a buɗe zangon karatu a watan Satumba, saboda su maki 6.5 suke nema a IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, ita kuma 6.0 ta samu, a ɓangaren rubutu ma 5.5.

Da muka je yi wa kakarta Hajiya bayani sai na ce mata ai za ta fara ne da koyon Turanci. Hajiya ta ajiye carbinta ta dube ni ta ce koyon Turanci kuma? Yarinyar da ta gama jami'a, ita ke karanta min takardar asibiti? Wallahi gaskiyarta ce, kalmar da na ba ta ce ba daidai ba, kuma ta rage wa yarinyar daraja a idon kakarta ba gaira ba dalili.

Don abin da ake yi a kwas ɗin nan ba ABCD ba ne. Na duba jadawalin da suka turo mata, ana koya musu yadda za ka saurari lacca ta awa guda kana ɗaukar bayani ba tare da ka rubuta kowace kalma ba, yadda za ka karanta maƙala mai shafi talatin ka zaro hujjar marubucin ka faɗe ta da kalmominka, yadda ake ambaton madogara irin salon Harvard, sunan marubuci da shekara a cikin jimla, da yadda za ka yi gardama da malami a aji cikin ladabi amma ka tsaya kan hujjarka. Babban abin ma shi ne guje wa satar fasaha, a can in ka kwafo sakin layi ba ka faɗi mai shi ba manhaja irin Turnitin za ta nuna, kuma laifi ne da zai iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. A ƙarshe ta rubuta doguwar maƙala ta kuma tsaya gaban aji ta yi jawabi, in ta ci ta wuce digiri kai tsaye ba sai ta sake zama IELTS ba. Kuɗinsa kuma dubban fam ne, ba abin da iyaye za su biya ba su san sunansa ba.

To da na fara tambaya, da yawa sun ce a ce sharar fage mana. Ni ma ita ta fara zuwa min, ai mun saba jin kwalejin share fagen shiga jami'a a rediyo, masu IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello da masu rimediyal duk haka muke ce musu. Amma sharar fage tana da mai ita, ita ce ta dace da foundation year, wato shekara gudan nan da ake yi kafin digirin farko ana lissafi da kimiyya ko tattalin arziki tare da Turanci, saboda ɗan Ingila shekara 13 yake yi kafin jami'a mu kuma 6-3-3 ne, 12 kenan. In muka kira su biyun da suna ɗaya uba zai ɗauka shekara ɗansa zai yi alhali sati shida ne ko goma, ko kuma akasin haka.

Wani ya kawo shekarar koyon yare. Wannan ta masu zuwa Turkiyya ce da ke fara shekara guda suna koyon Turkanci daga tushe, ko ɗaliban Madina da ke fara shiga ma'ahadin lugga. Namu ba daga tushe ba ne.

Wata baiwar Allah ta ce goge Turanci, ta kusa sosai kuma na so ta, sai dai goge a Hausa baki biyu gare ta, ana goge takalmi ya yi ƙyalli ana kuma goge allo rubutu ya tafi. Sannan in ka ce gogaggen Turanci hankalin mutane lafazi yake tafiya, irin na masu karanta labarai, alhali matsalar yaranmu yawanci a alƙalami take ba a baki ba.

Ni dai inda na tsaya shi ne WASHI. Ku tuna mahauci da safe kafin ya taɓa nama, wuƙar tasa ce, ƙarfenta mai kyau ne, jiya ma da ita ya yi aiki, amma sai ya ɗan ja ta a kan dutse tukuna saboda aikin da ke gabansa. Dama muna cewa wasa ƙwaƙwalwa ba wanda ke jin an zage shi. Kuma washi na zaɓa ba wasa ba da gangan, don a rubuce ba ma sa karin sauti, wanda ya ga wasa Turanci zai iya karanta ta kamar wasan yara.

Saboda haka kalma biyu nake ba da shawara. Irin Turancin da ake koyarwa, wato English for Academic Purposes wanda suke taƙaitawa EAP, mu ce Turancin nazari, ba Turancin boko ba kamar yadda wani ya ce, don kowane Turanci ai a boko muka same shi. Kwas ɗin kansa kuma washin Turanci, in ana son cikakke a rubuta kwas ɗin washin Turancin nazari.

Na koma na gwada a wajen Hajiya jiya da daddare, na ce Hajiya washin Turanci za ta yi na sati goma sannan ta shiga aji. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, cewa kawai ta yi to Allah ya sa ta yi kaifi. Mutanen Sakkwato da Damagaram da Zazzau dan Allah kowa ya saka ta a jimla da bakin garinsu ya turo mu ji ko za ta yi tuntuɓe.