Shawarwarin malaman Maiurno kan koyar da tattalin ƙasa da ruwa

Mun zauna da wasu malaman makaranta a Maiurno, wani gari a ƙasar Sudan, bayan la'asar, ana tattauna yadda za a shigar da ci gaba mai ɗorewa cikin karatun yara. An ambaci muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sai wani dattijo ya ce yaron da ke ɗebo ruwa a kogin Nilu ba da lamba ake fara masa ba.

Kusan kowa ya yarda kada a ƙirƙiro sabon darasi. Manhaja ta riga ta cika, ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cinye wa yara karatu mai yawa. A cusa abin cikin darussan da ake da su. Malamin lissafi ya sa yara su auna ruwan da gidansu ke kashewa a yini. Na tarihi ya kai su madatsar Sennar, wadda aka gama a 1925 don shayar da gonakin auduga na Jazira, su ga yadda laka ke toshe magudanai.

An daɗe a kan itacen hashab, wanda ake samun ƙaro daga jikinsa. Sudan ce kan gaba wajen fitar da ƙaro a duniya, itacen kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, amma ana sare shi don gawayi. Aka ce kowane aji ya raini nasa dashen har ya kama. Ni dai wannan ta fi kwanta mini, in an tanadi shinge saboda awaki.

Malaman allo suka ɗauki nauyin hana ɓarnar ruwa wurin alwala.