Shin ya dace a sauya abokin jirgi ana tsaka da shirin gasa?

Malam Sa'idu, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jiya bayan atisaye a filin wasa na Pantami muka taɓo tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska na masu buƙata ta musamman, wanda aka riƙa ba da lambobin yabo a kansa a gasar Faralimfik daga Sidni a 2000 har zuwa Riyo a 2016. Ra'ayina bai sauya ba: duk wanda ya ajiye abokin jirginsa ana tsaka da shirin shekara huɗu ya ci amana, kuma ya cuci kansa. A jirgin mutum biyu, ɗaya yana riƙe da akalar jirgi, ɗaya yana jan igiyoyin ƙyallen da ke kama iska, kuma idan iska ta juya babu lokacin dogon bayani. Ku je madatsar Dadin Kowa da asuba ku ga masunta biyu da suka daɗe tare: na gaba yana ɗaga kafaɗa zai jefa birgi, na baya ya riga ya karkata kwalekwalen.

Hajiya Rabi, Bolari: Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa, sabo turken wawa ne. Daniel Fitzgibbon na Ostireliya ya ci azurfa a 2008 tare da Rachael Cox a jirgin mutum biyu mai suna SKUD 18, daga baya ya haɗu da Liesl Tesch, wadda ta yi shekaru tana buga ƙwallon kwando a keken guragu, suka ci zinare a Landan a 2012, suka sake ci a Riyo. Su kuwa 'yan Birtaniya uku, John Robertson da Hannah Stodel da Stephen Thomas, sun zauna a jirgin Sonar ɗaya tun daga Atina a 2004 har zuwa 2016, ba su taɓa hawa dandamalin karɓar lambar yabo a Faralimfik ba.

Malam Sa'idu: Hajiya, kin faɗi rabi kin bar rabi. Waɗannan ukun sun zama zakarun duniya a 2005 da 2006, kuma a 2012 hukuncin maki huɗu ne ya raba su da tagulla, saboda wani ma'aikacinsu ya goge ƙasan jirgin ba da izini ba. Wannan ba laifin daɗewa tare ba ne.

Koci Danladi, Kumo: Ina ganin ku biyun kuna magana kamar zaɓi yana hannun 'yan wasa a kodayaushe, alhali sau da yawa doka ce take raba su. A jirgin Sonar, lokacin da ake wannan tsere a Faralimfik, an riƙa auna kowane ɗan wasa a ba shi maki daga 1 zuwa 7 gwargwadon abin da jikinsa ke iya yi, 1 ga wanda larurarsa ta fi tsanani, kuma jimillar su ukun ba za ta wuce 14 ba. To a ce mutum uku suna da 7 da 4 da 3, sai masu awo suka sake duba na ukun suka mayar da shi 4. Jimilla ta zama 15, dole wani ya sauka, ko da kuwa uwa ɗaya ta haife su. SKUD 18 ma yana da sharaɗinsa a wancan lokaci, domin dole ɗaya daga cikin biyun ta kasance mace. Ga kuma larurar da take ƙaruwa. Nick Scandone na Amurka ya fara da jirgin mutum ɗaya, da ciwon jijiyoyinsa ya yi nisa ya koma na mutum biyu tare da Maureen McKinnon-Tucker, suka ci zinare a 2008, ya rasu a farkon 2009. Wa zai kira irin wannan sauyi cin amana?

Malam Sa'idu: Koci, wanda doka ko rashin lafiya ta tilasta wa ba shi nake nufi ba. Ina maganar wanda ya ga wani ya fi abokinsa ƙarfin damtse, ya ajiye mutumin da ya bar sana'arsa, aka gyara kujerar jirgi daidai jikinsa, ya sha sanyin teku shekara uku. An taɓa yi mini haka a wata ƙungiyar ƙwallon guragu, saura mako biyu tafiya, kuma a bakin direban mota na ji.

Hajiya Rabi: Allah ya ba ka haƙuri, Malam, wannan rashin mutunci ne, amma abin da ya ɓata maka rai shi ne lokacin da yadda aka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fitzgibbon ya samu fiye da shekara guda tare da sabuwar abokiyarsa kafin Landan. Idan za a sauya, a yi tun da sauran nisa, a kuma zaunar da mutum a gaya masa baki da baki.

Malam Sa'idu: Na yarda da batun lokaci, ban yarda da sauran ba. Wanda aka sauke yana da shekara guda a gaba, wane jirgi zai samu, alhali a Faralimfik kowace ƙasa jirgi ɗaya ta riƙa kaiwa a kowane rukuni?

Koci Danladi: Wannan tambayar tana da nauyi. Ku zo da ita Pantami ranar Asabar bayan la'asar.