Neman taimako: sunayen bayin gundumar Bladen a Arewacin Karolina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina bincike kan gundumar Bladen ta jihar Arewacin Karolina a Amurka, wadda aka kafa a 1734. A can Umar ibn Sa'id, malamin nan ɗan Futa Toro ta yankin kogin Senegal, ya yi zaman bauta a gidan James Owen, har ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831.

Burina shi ne gano sunayen sauran bayin da suka zauna tare da shi. A nan na maƙale. Rajistar bayi ta ƙidayar 1850 da ta 1860 sunan ubangida kawai take kawowa. Bawa sai shekarunsa da jinsinsa da launin fatarsa. Abin yana sosa mini rai, mutane ne masu iyaye da 'ya'ya. Ga kuma gobarar 1893 da ta cinye takardu da dama a kotun gundumar.

Shin akwai wanda ya taɓa duba wasiyyoyi da takardun rabon gado a gidan adana tarihi na jihar da ke birnin Raleigh? Ana samunsu a intanet, ko sai an je? Don Allah a nuna mini hanya.